Kujerar Bayan Ginshiƙi

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana share zauren taron ƙungiyar unguwa, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Mai Shara. Ita ko a jikinta. Aiki ne na halal, kuma ta iya shi. Ta san tagar da ba ta rufuwa sai an tokare ta da kafaɗa, ta san fankar da ke juyawa da wadda aka rataye don ado, ta san kujerun roba sittin da huɗu ɗaya bayan ɗaya, har da mai karyayyar ƙafa da aka ɗaure da waya. Karatunta bai yi nisa ba, a aji biyu na sakandare ya tsaya lokacin da mahaifinta ya rasu, amma duk takardar da ta tsinta a ƙasa sai ta karanta ta kafin ta jefa a kwando.

A cikin zauren akwai wani ginshiƙi guda, ƙato, kaurinsa kamar mutum biyu sun tsaya kafaɗa da kafaɗa. Maginin da ya dasa shi a wannan wuri, Allah kaɗai ya san abin da ke kansa ranar. Duk wanda ya zauna a bayansa, mai zaman kan tebur ba zai hango shi ba sai ya leƙa. Shi kuwa mai zaman kan tebur, wato Ciyaman, ba ya leƙawa.

Ciyaman mutum ne mai tsafta da lallausar murya, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Ba ya ma bukatar zagi. Ana gobe taro sai ya kira ta ya ce, "Mai Shara, kujera biyu a bayan ginshiƙi. In Kafinta ya zo ki nuna masa wuri. Haka ma matar nan mai ɗinki, mai yawan tambaya." Washegari ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi tana cewa, "Sannunku da zuwa, ga wuri can an tanada muku." Su shiga su zauna, su wuni da hannu a sama, a tashi taro ba a gan su ba. In sun yi ƙorafi, Ciyaman ya dafa ƙirji ya rantse idonsa bai kai wurin ba. Ta san abin da take yi sarai. Wannan shi ya fi ci mata rai daga baya, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba in ana labarin.

Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai barkwanci wanda ko da taya ta fashe masa a daji sai ya dawo ya mayar da abin labarin ban dariya. Suna da 'yan biyu mata, shi ya sa yake kiranta Maman Biyu. Gidansu yana can ƙarshen layin gangare, layin da ya fi kowane ƙasa a unguwar. Da can ruwan sama ba ya damun su, don akwai tsohon lambatu a bakin babbar hanya da ke kwashe shi ya wuce. Sai Ciyaman ya gina jerin shaguna a bakin hanyar, aka cike lambatun da ƙasa aka zuba siminti a kai, ruwa kuma da ya zo bai tarar da hanyarsa ba, sai ya nemi gangare.

Ruwan farko na daminar ya shiga ɗakuna har idon sawu. Na biyu ya bar tsaga a bangon ɗakinsu na baya, tsagar da yatsa ke shiga. Ta sami Ciyaman a ofis, ta rusuna ta faɗa masa. Ya saurare ta da kyau, har da girgiza kai.

"Ki kawo maganar a taro," in ji shi. "Ai don irin haka ake taro. Af, kada ki manta, kujera uku a bayan ginshiƙi gobe. Kafinta da Mai Ɗinki."

Ya ce uku, ya ambaci mutum biyu. Ba ta lura ba sai washegari, da ta gama zaunar da jama'a ta waiwaya neman wurin zama, ta ga kujera ɗaya ce ta rage a zauren kaf, wadda ita da hannunta ta ajiye. Kafinta ya matsa mata wuri kawai, da ma ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta ɗaga hannu. Aka yi maganar fitilar titi, aka yi ta fentin allon sanarwa, aka yi ta akuyoyin da ke shiga filin ƙwallo. Hannunta ya sage, ta canza ɗayan. Da ta ji Sakatare yana rufe littafinsa, sai ta miƙe ta fito fili ta ce, "Ranka ya daɗe, maganar ruwan layinmu."

Ciyaman ya dube ta ta saman tabarau, ya yi murmushi.

"Mai Shara, ai ba mu tashi ba tukuna. Ki ɗan jira mu fita sai ki share."

Zaure ya kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce ma, dariya ce ta mutanen da yunwa ta kama suna son tafiya gida, amma har yau tana iya lissafo waɗanda suka buɗe baki da waɗanda suka rufe da hannu.

Mako uku bayan haka, da la'asar, ana tsakiyar ruwa, bangon ya faɗo. Direba yana kwance a ɗakin yana hutun dawowa daga tafiya. Maƙwabta ne suka tono shi da hannu. Rai ya yi saura, amma ƙafar dama, wadda yake taka birki da ita, a asibiti aka bar ta daga gwiwa zuwa ƙasa. Layin gangare kaf ya je dubiya. Ciyaman bai je ba, ya aiko Sakatare da saƙon cewa yana jajantawa, ayyuka ne suka sha kansa. Ranar da aka sallamo su, ta je zauren ta ajiye tsintsiya da mabuɗi a kan koren mayafin teburinsa, ta fito. Ta koma wanki da guga a gida, kuma duk rigar da ta murɗe, wuyan mutum ɗaya take gani.

"Maman Biyu, za ki yaga wa mutane kaya," Direba yakan ce daga kan tabarmarsa. "Ki bar shi da Allah mana."

"Na bar shi da Allah," in ji ta. "Amma ina son in ga an fara daga nan."

Shi Direba bai daina barkwanci ba, sai dai ya daina fita. In baƙo ya yi sallama, sai ya ce a dakata, ya sa dogon wando ya naɗe ƙafar da babu ya kama da fil, sannan a shigo. Ko 'ya'yansa ba ya son su daɗe suna kallon wurin.

A shekara ta biyu ne ta ga wata takarda a aljihun wandon da aka kawo wanki. Sanarwa ce: wata ƙungiya za ta horar da talakawan unguwanni yadda ake jagorancin al'umma, kowace Asabar har wata shida, a ajin makarantar firamare, ba a neman takardar shaidar komai. Ta shanya takardar ta bushe, Asabar ta kama hanya. A fom ɗin shiga akwai tambayar dalilin da ya sa mutum yake son horon. Ta rubuta da manyan baƙaƙe: DOMIN IN GA BAYAN WANI MUTUM.

Mai horar da su wata gajeriyar dattijuwa ce da kowa ke kira Malama, tana yawo da ƙararrawar keke da aka kafa a kan ɗan katako. Ta karanta fom ɗin, ta dubi Mai Shara sama da ƙasa.

"Mutum ashirin da uku sun rubuta min ci gaban al'umma," ta ce. "Ke kaɗai ce ba ki yi min ƙarya ba. Zauna. Amma ki sani, ni aiki nake koyarwa, abin da za ki yi da shi tsakaninki da Ubangijinki."

Horon ba na zama a kwafi allo ba ne. Asabar ta farko ma ba su zauna ba, Malama ta kore su, kowa ya koma layinsu ya ƙwanƙwasa ƙofa arba'in ya tambayi mutane abin da ke damunsu, da sharaɗin ba zai faɗi tasa damuwar ba ko da kalma ɗaya. Wannan ya ba Mai Shara wuya fiye da wankin bargo. Ga labarin ƙafar mijinta a bakinta kamar garwashi, ga wata tsohuwa tana ba ta labarin katifarta da ta ruɓe. Ta haɗiye, ta rubuta katifa. Ta rubuta buhun siminti da ya daskare, da keken ɗinki da ya yi tsatsa, da tarin da ya ƙi barin jaririn gida na tara. Sai a lokacin ta gane ashe ba ita kaɗai ke kwana da mutumin a rai ba, kowa dai ya ja bakinsa ne ya yi shiru.

Bayan haka aka ba su tef na awo. Malama ta ce kada wanda ya sake ce mata ruwa ya yi yawa, ya faɗa mata ina ya kai. Mai Shara ta je wurin Kafinta, tana jin kunyarsa kamar ƙasa ta tsage, don tun ranar taron nan ba ta iya haɗa ido da shi ba. Ta fara ba shi haƙurin shekarun da ta yi tana zaunar da shi a bayan ginshiƙi. Ya ɗaga mata hannu.

"Bar wannan, 'yar'uwa. Me kike son a auna?"

Suka bi gida gida da wani dogon katako. A kowane bango akwai layin da ruwa ya bari, sai Kafinta ya jingina katakon ya ja alama da jan fenti, ita kuma ta rubuta lambar gidan a gefe.

Suka koyi rubuta bayanin taro a tarukan gaske, suka koyi jagorantar zama a kan junansu, kowa minti uku, Malama na danna ƙararrawa ko da mutum yana tsakiyar rantsuwa. Tana da magana ɗaya da take maimaitawa har suka gaji da ji: duk shawarar da aka yanke ba a rubuta wanda zai yi da ranar da zai yi ba, hira aka yi. A wata na huɗu ta ce kowa ya nemo tsarin mulkin ƙungiyar unguwarsu da littafin bayanan taronta, haƙƙin kowane ɗan ƙungiya ne ya gani. Sakatare ya yi ta yi wa Mai Shara yawo da hankali, yau ba mabuɗi, gobe an kai ɗauri. Sai ta tuna wani ɗan littafi mai shuɗin bango da aka tokare ƙafar kabad ɗin ofis da shi. Shekara goma sha ɗaya tana share gefensa. Ta ce masa ya ɗaga kabad, ya ɗaga yana harararta, ga shi kuwa.

Ta karanta shi kamar mai neman sunanta a jerin waɗanda suka ci jarrabawa. Sashe na tara ya ce mutum ashirin in suka sa hannu, dole a kira taron musamman. Sashe na goma ya ce in maganar ta shafi shugaba, zai sauka daga tebur a ranar, masu kiran taron su zaɓi wanda zai jagoranci zaman. Da ta kai nan sai ta rufe littafin ta yi dariya ita kaɗai, har Direba ya tambaya ko lafiya. A littafin bayanai kuma, da Sakatare ya gaji ya miƙa mata shi, ta tsinci wata doka da Ciyaman ya kafa shekarun baya don ya wahalar da mutanen gangare: in aikin haɗin kai ya tashi, kowane magidanci da kansa zai fito, ba aike, ba wakili, sai wanda ya jagoranci zaman, shi ne mai duba aiki. Ta naɗe gefen shafin.

Hannu ashirin ake nema, ta kawo talatin da ɗaya. Masu sa hannun suka taru a shagon Kafinta don zaɓen mai jagorantar zama, ita kuwa ba ta tsaya kunya ba, ta ce ita take so. Suka ba ta. Malama ta ce shi ke nan, wannan taron shi ne jarrabawarta ta ƙarshe, za ta zo ta zauna a baya ta gani.

Tana da jawabi. Shekara biyu tana gina shi a kan bahon wanki, ta san inda za ta ɗaga murya da inda za ta yi shiru ta dube shi. Ana jibi taro ta karanta wa Malama a ajin, bayan kowa ya watse. Malama ta saurara har ƙarshe.

"Ya yi kyau. Wa zai karanta?"

"Ni mana."

"Kin karanta sashe na sha ɗaya?"

Ba ta karanta ba. Daɗin na goma ne ya rufe mata ido. Malama ta buɗe mata: mai jagorantar zama ba ya goyon bayan kowa, ba ya jayayya, ba ya jefa ƙuri'a. Kuma duk shawarar da aka yanke alhali an hana wani ɗan ƙungiya da ya ɗaga hannu magana, rusasshiya ce.

"Zaɓi ɗaya za ki yi," in ji Malama. "Ko ki hau tebur ki kama bakinki, ko ki sauka ki yi jawabinki Sakatare ya hau. Kin fi ni sanin wanda Sakatare zai gani da wanda ba zai gani ba."

Ta koma gida tana tafarfasa. Shekara biyu tana jiran ranar da za ta yi magana a zauren nan, ranar ta zo kuma an ce ita ce kaɗai ba za ta yi ba. Ga damina saura wata guda, ga bangon ɗakin 'yan biyu shi ma ya fara tsagewa. Ta ce wa Direba to shi ya zo, ko bai ce komai ba, ya dai zauna a gaba a gan shi. Karon farko tun da abin ya faru ta ga ya ɗaure fuska.

"Maman Biyu, duk abin da za ki yi ki yi, ina bayanki. Amma ni ba kayan nuni ba ne."

Ta zaɓi tebur.

Ran taro ta riga kowa zuwa, ta karɓi mabuɗi ta jera kujerun da kanta. Ta san wani abu game da Ciyaman da duk unguwar ta sani amma ba wanda ya taɓa amfana da shi: bai taɓa zuwa taro a kan lokaci ba, sai ya bari an jira shi minti arba'in. Ƙarfe huɗu daidai ta danna ƙararrawar da Malama ta ara mata, ta buɗe zama. Lokacin da ya shigo yana ƙamshin turare, yana ɗaga wa mutane hannu, zauren ya cika maƙil, Mai Ɗinki tana tsaye tana bayanin kekenta. Ya nufi tebur bisa sabo, ya ga wadda ke kai, ya tsaya. Ya waiwaya neman wuri. Kujera ɗaya ce ta rage, mai ƙafar waya, kuma kowa ya san inda take.

Daga kan tebur ba ta ganin komai nasa. Sai can hannu ya leƙo ta gefen ginshiƙi, da zobe da agogo. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har tafin ƙafa, irin daɗin da ba ta ji ba tun kafin bangon ya faɗi. Ta rubuta shi a jerin masu magana, na bakwai, don shi ne na bakwai da ya ɗaga, kuma ta ƙi nuna masa ta gan shi, balle ya sauke hannun. Ta kira tsohuwa mai katifa. Ta kira uban jariri mai tari. Hannun ya gaji, ya sauka, ɗayan ya hau. Ta kira Kafinta, ya shigo da katakonsa ya tsayar a tsakiyar zaure bai yi dogon bayani ba, ya ce duk mai so ya zo ya tsaya kusa da shi ya ga inda ruwan zai kai masa. Alamar sama ta kai ƙugun Sakatare. Ba wanda ya tambayi gidan wa ne, lambar gidan Direba tana rubuce a gefe.

Da mutum na shida ya zauna, zuciyarta ta ce mata ta wuce kai tsaye zuwa ƙuri'a, ta dafa ƙirji ta ce idonta bai kai wurin ba. Wallahi ta so. Ta dubi bayan zaure, Malama tana kallon silin kamar ba ta san ana yi ba. Ta tuna tsagar ɗakin 'ya'yanta, ta yi ƙwafa a ciki.

"Mai hannu a bayan ginshiƙi," ta ce. "Ban ga fuskarka ba. Fito ka faɗi ko kai wane ne da layinku, kamar kowa."

Ya fito yana murza kafaɗa. "Jama'a, kamar yadda kuka sani..."

Ta danna ƙararrawa. "Da wa kake magana?"

Ya daɗe yana kallon ta kafin ya ce, "Shugabar zama."

"Na'am. Minti uku."

Ya iya magana, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Ya ce ruwa na Allah ne, ya ce shagunan nan 'ya'yan unguwa ke cin abinci a cikinsu, ya ce a kafa kwamiti ya yi nazari a tsanake. Ta ga kawuna sun fara gyaɗawa. Sannan ya ce, cikin lallausar muryar nan, "Na ji an ce akwai wanda ya ɗan samu rauni a shekarun baya, muna kuma jajantawa."

Ya ɗan samu rauni. Jawabinta gaba ɗaya ya taso mata. Ta kama gefen tebur har koren mayafin ya tattare, ta kafa ido a kan agogo. Minti uku na cika ta danna ƙararrawa yana tsakiyar kalma.

"Lokacinka ya ƙare. Koma wurinka."

Aka ɗaga hannu, ta sa Kafinta da Sakatare suka ƙirga tare. Talatin da takwas suka ce a fasa simintin a buɗe tsohon lambatu, a kuma haƙa kwata mai zurfi a layin gangare. Ashirin da ɗaya suka ƙi, saura suka duƙar da kai. Ba ta bari an tashi ba. Ta ce ba a gama ba sai an rubuta wanda zai yi da ranar da zai yi, ta buɗe shafin da ta naɗe ta karanta dokar ba aike ba wakili, da kwanan wata da sunan wanda ya kawo ta. Asabar mai zuwa, kowane magidanci taku biyar. Rabon wurare kuwa aikin mai duba aiki ne.

A bakin ƙofa Malama ta karɓi ƙararrawarta. "Kin ci," ta ce. "Ban sami inda kika karya doka ba, na kuwa nema." Ta ɗan tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ta saka ƙararrawar a jaka ta tafi.

Asabar da hantsi layin gangare ya cika da shebur da diga. Taku biyar ɗin Ciyaman suka faɗo daidai ƙofar gidan Mai Shara, ba wanda kuma ya tambayi yadda aka yi. Ya zo da tsohuwar riga da takalmin roba sabo fil, ya shiga rami ba tare da ya gaishe ta ba. Ta tsaya a kansa da takardar sunaye da sandar awo. Duk lokacin da ya ɗago, sai ta zura sandar ta ce da saura. Kafin rana ta take, ramin ya kai masa ƙirji, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, baƙar laka ta shafe agogon.

Tun da asuba ta wanke dogayen wandunan Direba, duka ukun, suna can a igiya suna ɗiga. Ta leƙa cikin gida ta ce, "Baban Biyu, masu aiki suna jin ƙishirwa, yara kuma sun tafi ɗebo ruwa. Taimaka ka miƙo butar nan da kofi, ba zan iya barin wurin ba."

Sannan aka ji ƙarar sandar ƙarfe a kan siminti, a hankali, har ya fito bakin ƙofa da gajeren wandon da yake zama da shi a ɗaki, buta na lilo a yatsunsa. Shekara biyu rabonsa da tsayawa a wurin. Ciyaman ya ɗago daga cikin rami don karɓar ruwa, sai ga dungulmin ƙafar daidai fuskarsa, bai kai kamu biyu ba, da tabon ɗinki da fatar da ta tattare. Ya nemi wurin da zai kai idonsa, rami ne ta ko'ina.

"Sannu, Direba," ya ce da ƙyar. "Ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji Direba, ya zuba ruwa ya miƙa masa.

"Babu sauƙi," in ji Mai Shara. "Ɗan raunin ke nan. Dube shi da kyau, ba sauri muke yi ba."

Ya duba. Kofin ya karkace har ruwan ya zube a rigarsa, bai sha ba. Masu haƙa na kusa duk sun tsaya, sun jingina da shebur. Abin da ta yi shekara biyu tana nema ke nan, ta same shi cif, kuma ya yi mata daɗi, ba za ta ce bai yi ba.

Direba ya ajiye butar a dokin ƙofa, ya gyara sandarsa a hammata. Bai dubi jama'a ba, bai dubi na cikin rami ba, igiyar shanya ya duba ta cikin ƙofa, sannan ya dube ta. Ya yi magana ƙasa ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji.

"Kin gama da ni, Maman Biyu? In koma?"

Ta mayar da ido kan takardar hannunta. Ya jira kaɗan, ya juya ya shiga, ya tura ƙofar da sandarsa ta rufe. A cikin rami Ciyaman ya ɗauki shebur ya ci gaba da haƙa ba tare da an ce masa ba, ita kuma tana tsaye da takardar a hannu, ba ta shiga gidan ba sai da kowa ya watse.